Yadda na shiga filin zamiya na ƙanƙara a bakin tekun Koronado

Akwai wani otal a Koronado, daura da birnin San Diyego a kudancin jihar Kalifoniya ta Amurka, wanda kowace shekara idan Nuwamba ta zo ƙarshe sai ya shimfiɗa ƙanƙara a kan filin ciyawarsa. A sarari take, ba rufi, taku kaɗan daga rairayin bakin teku, kuma tana nan har farkon Janairu sannan a kwashe. Sunan otal ɗin Hotel del Coronado. Garin ba garin sanyi ba ne. A watan Disamba zafin rana kan kai digiri 18 ko 19, dusar ƙanƙara kuwa sai a yi shekaru da dama ba a ga ko ƙyallinta a cikin birnin ba. Ni da na taso a Kano, ƙanƙara a wurina abar saye ce a watan azumi: a fasa maka ita da guduma, a naɗe a buhu, ka ruga gida kafin rabinta ya tsiyaye a hanya. Shi ya sa da aka ce mini wai an baje ta a rana mutane suna yawo a kai, na ce sai na gani.

Hutu na je wurin Yayata da ke aure a can, kuma ba ni na tsiro da zancen shiga ba. Autarta ce, 'yar shekara bakwai mai baki, ta kafe sai Kawu ya taka ƙanƙara kafin ya koma gida. Na ce to, a zatona irin wasan nan ne da babba ke tsayawa a gefe yana yi wa yara tafi. Da daddare sai ga babanta ya buɗe kwamfuta yana tambayata ƙarfe nawa ya fi mini.

Tun daga nan aikin ya fara. A kwanakin hutu ba wurin da za ka faɗa kawai ka ce a ba ka takalmi ba ne. A intanet ake sayen tikiti, kowane tikiti da lokacinsa, don rukuni-rukuni ake shiga, kowane rukuni kimanin awa ɗaya da rabi. Wanda ke cin faɗuwar rana shi kowa ke rububi, kuma shi muka samu don mun yi da wuri. Wani kaso na kuɗin yana tafiya ga gidauniyar Make-A-Wish reshen San Diyego, wadda ke cika wa yara masu matsanancin ciwo wani buri nasu. Akwai kuma takardar da za ka amince da ita, mai cewa ka san wasan yana da haɗari, kuma da ƙafarka ka kawo kanka. Na karanta ta har ƙarshe, na ɗan yi jim. Maigidan Yaya ya ce, "Malam, sa hannu mana, ai ba wasiyya ba ce."

Zancen sutura Yaya ce ta yanke shi, ba ta kuwa nemi shawarar kowa ba. Ban da jallabiya, ban da wando mai faɗin ƙafa da zai iya harɗe ƙarfen takalmi. Dogon wando mai ɗan kauri, doguwar safa wadda ta hau ƙwauri, rigar sanyi mara nauyi, da safar hannu. Na ce safar hannu a wannan rana? Ta ce ba don sanyi ba ne, don faɗuwa ne, wai ƙanƙarar da aka tattaka kaushi gare ta, tana goge fatar tafin hannu. Ita kanta riga ta sa mai kaiwa gwiwa a kan wando, ta cusa bakin mayafinta cikin rigar sanyi don kada ya yi ta reto.

Daga cikin gari gada ake hawa. An buɗe ta a 1969, tsawonta ya haura kilomita uku, ta lanƙwasa ta yi sama sosai don jiragen yaƙin ruwa su iya wucewa ta ƙarƙashinta, domin Koronado gari ne na sojojin ruwan Amurka. Wanda ba ya son mota yana iya shiga jirgin fito daga tashar ruwan birnin. Muka bi titin Orange har kusan ƙarshensa, muka ajiye mota a wani layi, muka ƙarasa da ƙafa. Otal ɗin ba ya ɓuya: farin gini ne na katako mai jan rufi da tsinin hasumiya, an buɗe shi tun 1888, yana cikin manyan gine-ginen katako da suka rage a ƙasar. Lokacin Kirsimeti ne, ko'ina an rataye fitilu, kuma masu otal ɗin suna alfaharin cewa tun 1904 suka ƙawata wata bishiya ta harabarsu da fitilun lantarki, sa'ad da abin yake baƙo a duniya.

Sai ka zagaya bayan ginin sannan za ka ga abin. Ga farin fili yana ƙyalli, an kewaye shi da shinge iya ƙugu. Bayan shingen hanyar masu tafiya a ƙafa ce, bayanta rairayi, bayan rairayi tekun Fasifik. Dogayen itatuwa dangin giginya suna tsaye a gefe. Wani mutum ya wuce ni da gajeren wando da silifa yana shan askirim, a gabansa yara ne sanye da hular sanyi. Can cikin ruwa samari cikin baƙar rigar roba suna kan alluna suna jiran igiyar ruwa, jirgi mai saukar ungulu na soja ya bi ta sama yana ƙara. Da na matsa jikin shingen sai na ji sanyi yana tasowa daga ƙasa yana bugun fuskata, rana kuma tana dukan ƙeyata.

Wurin karɓar takalmi aka fara tambayata lamba. Ni mai sa 43 ne a gida, a lissafinsu 10 aka miƙo mini. Takalmin yana da nauyi, wuyansa dogo ne mai tauri har ya wuce idon sawu. Na juya shi ina duba ƙarfen da ke ƙasa. Ashe ba wuƙa ba ce mai baki ɗaya. Faɗinsa bai wuce milimita huɗu ba, amma an ɗan rarake tsakiyarsa daga gaba har baya, ya zama yana da baki biyu, na ciki da na waje, kuma waɗannan bakunan su ne ke kama ƙanƙara. A gaba akwai wasu 'yan haƙora irin na zarto. Auta ta nuna su da yatsa ta ce, "Kawu, waɗannan ba naka ba ne, na masu tsalle ne. In ka taka da su za ka ci ƙasa."

Ɗaurin igiya kuwa sai da babanta ya durƙusa ya sake mini. Wajen yatsu a bar ɗan sarari, daidai idon sawu a ja da iyakar ƙarfi, can sama a sassauta kaɗan don gwiwa ta samu lanƙwasawa. Ya ce in diddige yana motsi a cikin takalmi, to ƙafa za ta riƙa kwanciya ciki, mutum ya yi ta zargin kansa alhali ɗauri ne bai yi ba. Da ya gama sai na ji kamar an sa mini mari a ƙafa. Na miƙe a kan shimfiɗar robar da aka malala a wurin, na ga na ƙara tsawo, kuma tafiya a kan robar ba wuya. Har na fara raina abin.

Rukunin da ke gabanmu ya fita, aka rufe ƙofa, wata mota mai kama da akwati ta shigo tana zagaye filin a hankali. Inda ba ta bi ba fari ne fat, duk zane-zanen ƙarfe da garin ƙanƙara. Inda ta bi sai ya koma sumul yana sheƙi. Maigidan Yaya sana'arsa gyaran na'urorin sanyaya gine-gine, don haka nan ya samu abin da yake so. Ya ce a cikin motar akwai doguwar aska mai kankare saman ƙanƙarar, da abin da ke kwashe garin ya tara a tanki, sannan a bayanta tana zuba ruwa mai ɗumi ana shafe shi da ƙyalle. Na ce mai ɗumi, a kan ƙanƙara? Ya ce shi ne ke narka bakin tsagogin ya cike su, ya daskare ya haɗe da na ƙasa ba tare da kumfar iska ba. Wanda ya ƙera irin motar ta farko, Frank Zamboni, a nan Kalifoniya ya yi ta, a garin Paramount kusa da Los Anjelis, a 1949. Abin da ya ba ni dariya, shi ma da can ɗan kasuwar ƙanƙara ne, yana yin ta bulo-bulo ana saye don adana kaya. Da firiji ya fara kashe kasuwar sai shi da 'yan'uwansa suka buɗe filin zamiya a 1940, ya ga gyaran filin da hannu yana cin ma'aikata da yawa da fiye da awa guda, ya zauna ya haɗa mota.

Tambayar da ta fi damuna ita ce me ya hana ta narkewa. Ya ja ni gefe, takalman suna ƙwas-ƙwas a kan roba, ya nuna mini wasu manyan bututu da aka naɗe suna fitowa daga ƙarƙashin filin suna nufar inda aka killace injina. Ya ce kafin a zuba ko ɗigon ruwa, sai an daidaita ƙasa an yi dandamali, an shimfiɗa siraran bututu jere da juna daga wannan gefe zuwa wancan. A cikinsu ruwa ne da aka gauraya da sinadarin gilaikol, irin wanda ke hana ruwan lagireton mota daskarewa a ƙasashen sanyi. Injin yana sanyaya shi har ƙasa da sifiri da digiri da dama, famfo yana tura shi ya zagaya ya dawo, dare da rana. Sannan a riƙa fesa ruwa kaɗan-kaɗan, wannan ya daskare a ƙara wani, har kauri ya kai 'yan santimita. Wato rana tana zuba zafi daga sama, iskar teku mai laima tana ƙara nata, injin kuma yana janye shi ta ƙasa, kuma haka za su yi ta ja-in-ja har Janairu. A raina na ce ashe duk wannan ƙawa a kan wutar lantarki take tsaye, ranar da ta ɗauke na yini guda sai dai a zo da tsintsiya.

Aka buɗe mana ƙofa. Yara suka kwarara ciki. Na kama shinge da hannu biyu, na sa ƙafar dama, na biyo da ta hagu, nan take na gane tafiyar da na yi a kan roba ba ta koya mini komai ba. Ƙasa ba ta riƙe ni. Kowace ƙafa tana neman tafiya inda take so, gaba ko baya, ba ta jira na yanke shawara. Jikina ya sandare, na miƙe ƙyam, na ɗan ja baya da kafaɗa yadda mutum ke yi idan yana tsoron faɗuwa ta fuska, sai ƙafafun suka sulale gaba, ba don shingen ba da na zauna tun a ƙofa.

Ban kasance ni kaɗai ba. Gefen shingen gari ne guda: wani dattijo Bature da jikarsa, wasu 'yan mata masu magana da Sifaniyanci suna ƙyalƙyala dariya, wani ƙato mai askin soja yana gumi yana jan kansa taku-taku. Duk hanya ɗaya ake bi, saɓanin juyawar hannun agogo, gwanaye a tsakiya, mu a bakin katanga muna bin juna. In na gabanka ya tsaya, kai ma ka tsaya, don ba mai ƙarfin halin sakin shinge ya kewaye wani.

Auta ta zagayo ta tsaya a gabana da baya-baya, hannunta a ƙugu. "Kawu, lanƙwasa gwiwa. Ƙara. Kamar za ka zauna. Kuma daina kallon ƙafarka, kalle ni." Na lanƙwasa, sai na ji nauyina ya sauko tsakiyar takalmin, rawar ta ragu. Ta ce in haɗa diddige in buɗe yatsu waje kaɗan, in riƙa ɗaga ƙafa ina ajiyewa, ƙananan taku, ba ja ba. Sai daga baya na fahimci abin da take nufi. Tafiyar da muka saba, diddige ke fara sauka, yatsu su tura ƙasa baya. A kan ƙanƙara in ka tura baya kai tsaye, ƙarfen zamewa zai yi, don a wannan fuskar aka yi shi ya zame. A gefe yake kamawa. Dole ka karkatar da ƙafa ɗaya ka tura da bakin ƙarfen na ciki, ɗayar kuma ta ɗauke ka ta tafi. Hankali yana karɓar wannan bayani cikin minti ɗaya, amma ƙafar da ta shekara talatin da wani abu tana tafiya irin tata ba ta jin magana da wuri.

Sannu ba ta hana zuwa. Na saki hannu ɗaya, can na saki na biyun, yatsuna suna shawagi kusa da shingen. A wani turi sai na ji na tafi, ban taka ba, ban yi komai ba, filin ne kawai ke wucewa a ƙarƙashina da wata 'yar ƙara siririya. Bai fi tsawon tabarma biyu ba, amma daɗinsa ya isa ya sa na manta ina tsoro. Na ɗaga kai na nemi Yaya don ta shaida. Tana can tsakiya riƙe da hannun mijinta, tana tafiya a natse, matar da na sani tana tsoron tsallake kwata.

A nan na lura filin ba iri ɗaya ba ne. Ɓangaren da ya sha rana tun safe ya yi laushi, ruwa ya ɗan kwanta a sama, takalmi yana ɗan nutsewa yana tafiya a hankali. Inda inuwa ta rufe kuwa tauri gare shi da santsi. Daidai inda biyun suka haɗu na faɗi. Ƙafa ta shiga mai taurin ta ƙara gudu, jiki bai shirya ba, na ji ni a ƙasa ta gefen ƙugu. Ba zafin ne ya fara zuwa ba, sanyin ruwa ne da ya ratsa wando. Kafin in gama salati Auta ta iso tana cewa, "Dunƙule hannu! Dunƙule hannu, Kawu!" Ashe doka ce ta farko da ake koya wa yara: in ka faɗi ka janye yatsunka, don masu wucewa ƙarfe ne a ƙafarsu. Wani ma'aikaci da ke yawo a cikin filin ya zo ya tsaya a bayana yana kare ni daga masu tahowa, ya tambaya ko kaina ya bugu. Na ce a'a. Bai ɗaga ni ba, ya nuna mini yadda ake yi: ka juya ka durƙusa a kan gwiwa biyu da hannu biyu, ka kafa ƙafa ɗaya tsakanin hannuwanka, ka dafa gwiwar da hannu biyu ka tura kanka sama. Wanda ya yi ƙoƙarin tashi daga zaune sai ya sake komawa. Na tashi a yadda ya ce, 'yan matan nan suka yi mini tafi, na ɗaga musu hannu.

Abin mamaki, bayan faɗuwar sai jikina ya sake. Na riga na san iyakar abin da ake tsoro, kuma wando ya riga ya jiƙe. Na bar shingen da taku uku ko huɗu na shiga layin masu ɗan dama-dama. Tsayawa ce ban iya ba har aka tashi. Auta ta nuna mini yadda ake karkato yatsu ciki a tura diddige waje har ƙarfen ya kankari ƙanƙara, na gwada, ƙafafuna suka ƙi. Birkina shinge ne, ina nufarsa in rungume.

A Disamba rana tana faɗuwa a can tun kafin ƙarfe biyar. Ta gangara ta wajen tsaunin Point Loma, sama ta yi ja, ƙanƙarar ta ɗauki launin, fitilun da aka zagaye rufin otal da su suka kama gaba ɗaya. Kusan kowa ya rage gudu ya zaro waya. Zan faɗi gaskiya, wurin ya yi kyau ƙwarai, amma wanda ke koyo ba ya samun rabonsa na kallo, don duk ɗaga kai da na yi sai gwiwa ta miƙe ƙafa ta fara rawa. Da ranar ta ɓace sanyi ya sauko da gaske, filin ya ƙara tauri da gudu, rigar sanyin da na so in cire ɗazu ta yi rana.

Mun fita kafin lokacinmu ya cika saboda magariba. Cire takalmin nan wani daɗi ne na daban, sai dai taku goma na farko a ƙasa ƙafa tana neman zamewa, tana mamakin yadda ƙasa ta tsaya cak. Muka gangara rairayi, wanda ke da wani ƙyalli-ƙyalli kamar an barbaɗa masa garin zinariya saboda wani ma'adini da ke cikinsa. Na juya gabas zan tayar da salla, maigidan Yaya ya kamo kafaɗata ya juya ni. A San Diyego alƙibla kusan arewa take, ta ɗan karkata gabas. Muka ba teku baya, muka fuskanci otal ɗin da kiɗansa da fitilunsa, muka yi sallarmu, ba wanda ya ko waiwaye mu.

A gefen filin akwai kujeru kewaye da murhun wuta inda mutane ke shan cakulan mai zafi, wasu a bakin ruwa suna gasa wata farar alewa mai laushi a tsinke. Yaya ba ta barin yaranta su ci wadda ba ta san tushenta ba, don sau da yawa da sinadarin da aka samo daga alade ake haɗa ta, tata ta halal tana cikin jaka. Muka sayi cakulan muka tsaya muna kallon motar nan ta sake shigowa tana goge duk zanen da muka yi, har da inda na faɗi.

Ciwon sai washegari ya zo, kuma ba a ƙugun da ya bugu ba. Cikin cinya ne, da ƙwauri, da tafin ƙafa, wuraren da ban san suna aiki ba. Na sauko daga bene ina dafa bango, na tarar Auta ta riga ta sa uwarta ta tura bidiyon faɗuwata a zauren WhatsApp na gidanmu. Ƙannena sun cika shi da dariya tun asubarsu. Hajiya kuwa saƙon murya ta turo, ta yi mini sannu, ta tambayi ƙugun, sannan ta ce a ba ta Yaya, tana so ta ji dalilin da za a biya kuɗi a kai mata ɗa inda ake faɗuwa.